Shawara ga masu sayen zanen tsofaffin gine-gine

Salamu alaikum 'yan uwa. Masu son rataya zanen tsofaffin gine-gine a falo, irin na gidajen Kumasi na da waɗanda wani Baturen Ingila mai suna Bowdich ya fitar a littafinsa a 1819, ko ganuwar Elmina ta bakin tekun Ghana da Turawan Fotugal suka gina a 1482, ku bincika kafin ku biya kuɗi. Da yawa bugun inji ne ake sayarwa da sunan aikin hannu.

Ku fita da shi haske, ku sa kyamarar waya ku zuƙo. Bugun inji ɗigo-ɗigo ne a jere. Na hannu kuwa launin yakan taru ya yi duhu a gefen layi, wani wurin ma ya ɗan tsallake.

In an kai wa mai firam, ku ce ya sa kwali a kewaye don kada takardar ta taɓa gilashi. Daminar Kumasi ba ta da wasa, laima na shiga sai ta manne, ta yi tabo ruwan ƙasa. Kada a rataya a bangon da ke jiƙa, ko inda rana ke bugawa, domin ja da ruwan ɗorawa sukan koɗe da wuri.