Yadda Ake Gyara Dokin Ƙofa Don Kada Ruwa da Ƙura Su Shigo Ɗaki

A Kumasi ƙofar katako ba ta zama da girma ɗaya duk shekara. Tana kumbura a babbar damina, daga Afrilu zuwa Yuli, sannan ta tsuke idan hunturu ya kama a Disamba, shi ya sa ƙofar da ke cijewa a watan Yuni takan bar ratar da ƙura da kyankyasai da kunama ke bi a Janairu. Kuskuren da ya fi damuna shi ne a kira kafinta ya fere ƙasan ƙyaure cikin damina, domin abin da aka fere ba ya dawowa.

Da farko a gano inda ratar take. A rufe ƙofa da dare, wani ya haska tocila daga waje, a duba inda haske ke kutsowa. Sai a shimfiɗa takarda a kan dokin ƙofa, a rufe, a ja ta. Idan ta zare ba tare da turjiya ba, wurin bai kama ba.

Kafin a taɓa dokin ƙofar, a ɗaure kusoshin hinji, domin sau da yawa ƙyauren ne ya sunkuya.

Idan dokin na alminiyum ne mai sukurori a samansa, a juya kowanne rubu'in zagaye kawai, ana maimaita gwajin takarda, har ta riƙa fita da ɗan ƙarfi amma ba ta yage ba. Kada a ɗaga shi fiye da haka, domin robar ƙasan ƙofa za ta cinye da wuri.

Gidajen haya da dama a unguwannin Aboabo da Asawase dokin siminti gare su, kuma nan ne aikin yake buƙatar haƙuri. A fasa wurin da ya tsage, a share, a jiƙa shi, sannan a cike da kwaɓin siminti awo 1 da yashi awo 3. Wajibi ne magini ya ba shi gangare zuwa waje, in ba haka ba ruwan da iska ta koro zai kwanta a bakin ƙofa ya gangaro ciki. A riƙa yayyafa masa ruwa har kwana 7 don kada ya sake tsagewa.

Na katako kuwa a soka masa sukudireba. Idan ya nutse, gara ko danshi sun gama da shi, sai a canza shi da katakon odum, wanda ake samu a kasuwar katako ta Sokoban, a guji katakon da ake kira wawa duk da arharsa, domin ba ya jure jiƙa.

Daga nan a ɗaura sabuwar roba a ƙasan ƙyaure, a toshe gefunan dokin da silikon bayan wurin ya bushe sarai, kuma a shafa fenti a ƙasan ƙyauren kansa, wurin da masu fenti suka saba tsallakewa alhali ta nan katako yake shan ruwa.