Yadda Ake Zaɓar Eriya Don Tashar Rediyon Sha'awa A Gida

Wanda ya samu lasisin rediyon sha'awa, wato rediyon da mutum ke magana da wasu masu irinsa ba don kasuwanci ba, yakan ƙarar da kuɗinsa a kan akwatin rediyo, eriya kuwa sai abin da ya rage. Da ya juya lissafin da ya fi masa. Sau da yawa rediyo mai wat 10 da waya rataye a sama sosai yakan kai inda mai wat 100 da eriya a jikin katanga bai kai ba. Ga yadda za ka bi abin daki-daki.

Da farko ka tsayar da shawarar da wa kake son magana. In mutanen garinku ne da kewaye, zangon mita 2, wato megahaz 144 zuwa sama kaɗan, ya ishe ka. A nan sigina kusan miƙe yake tafiya, tudu da dogon gini suna tare shi, kuma eriyar ƙarama ce: sandar ƙarfe mai kimanin santimita 49 a tsaye, da ƙananan sanduna uku ko huɗu a gindinta. Ka kafa ta a tsaye, saboda a tsaye masu magana da FM suke kafa tasu. In ka kwantar da taka alhali na abokin maganarka a tsaye take, da ƙyar za ku ji juna.

In kuwa burinka ƙetare ƙasashe ne, gajeren zango za ka nufa, inda sigina ke bugun wani sashe na sararin sama ya dawo ƙasa can nesa. Nan ne aikin yake.

Mataki na biyu, ka ɗauki abin awo ka fita waje tun kafin ka sayi komai. Girman eriya ba ra'ayi ba ne, zango ne ke yanke shi. Eriyar da aka fi farawa da ita ita ce daifol: waya biyu masu tsawo ɗaya, ɗaya ta yi dama ɗaya ta yi hagu, kebul ya shigo ta tsakiya. Lissafinta mai sauƙi ne, ka raba 143 da yawan megahaz ɗin da kake so, amsar ita ce tsawon eriyar gaba ɗaya a mita. A megahaz 14.2, zangon mita 20, za ka samu mita 10 da ɗan ɗoriya, biyar kowane ɓangare. A megahaz 7.1, zangon mita 40, mita 20 ne. Zangon mita 80 kuwa sai ka tanadi fili mai kusan mita 40, wanda ba kowane gida ke da shi ba. Daifol ɗin zangon mita 40 yana da wata garaɓasa: yakan yi aiki a zangon mita 15 ma, tunda megahaz 21 ninki uku ne na 7.

Mataki na uku, ka daidaita eriya da filin da ka auna. In kana da wurin ɗauri biyu masu tsayi, miƙe daifol kawai. In sanda ɗaya ce, ɗaga tsakiyar a kanta, ka sauko da bakunan biyu ƙasa-ƙasa, amma kada kusurwar da ke tsakaninsu ta gaza digiri 90. Wannan ita nake ba wa mai farawa shawara a kai, don arha ce kuma ba ta da rigima. In tagar ɗakinka a ƙarshen fili take, akwai wayar da ake ciyarwa ta baki ɗaya, wadda ke buƙatar ƙaramar taransifoma mai 49:1.

Eriyar tsaye tana ruɗar mutane, ganin ba ta cin wuri. Rabinta kawai kake gani. Ɗaya rabin wayoyi ne da ake shimfiɗawa a ƙasa kewaye da gindinta, kuma in ka yi ƙwauron su, ƙasa ce za ta shanye ƙarfin rediyonka. Ga ta da ɗebo hayaniyar caja, ƙwan LED da injin canza wutar sola. Tana da kyau wajen nisa, amma ba gudun aiki ake yi da ita ba.

Eriyar Yagi, wadda Shintaro Uda da Hidetsugu Yagi suka ƙirƙiro a Japan a 1926, tana tattara sigina ta fuska guda. A zangon mita 2 mutum ɗaya zai iya ɗaukarta. A mita 20 kuwa sai da hasumiya da injin juyawa, don haka bari sai tafiya ta miƙa.

Mataki na huɗu shi ne tsayi, kuma shi ake yawan rainawa. Daifol ba ya jefa sigina nesa sosai sai ya kai kusan rabin tsawon zangonsa daga ƙasa: mita 10 ga zangon mita 20, mita 20 ga zangon mita 40. In ya yi ƙasa, siginar sama take miƙewa ta dawo cikin 'yan ɗaruruwan kilomita. Wannan ba aibi ba ne in maƙwabtan jihohi kake nema. Amma in ka rataye wayar zangon mita 40 a tsayin mita 5 kana jiran Burazil ta amsa, za ka sha jira.

Sai kebul. Rediyoyin sha'awa an gina su ne a kan om 50 (om ma'aunin turjiyar wuta ne), kebul ɗin talabijin kuwa om 75 ne. Kebul ɗin RG-58 siriri ne, ya wadatar a gajeren zango in tazarar ba ta da yawa. A megahaz 144 kuwa, mita 30 na wannan kebul yana cinye fiye da rabin ƙarfinka tun bai kai eriya ba, don haka nemi mai kauri irin RG-213. Ka sa balun mai 1:1, ƙaramar na'urar da ke shiga tsakanin kebul da eriya, a tsakiyar daifol don kada sigina ta biyo bayan kebul ta shigo ɗaki. Ka naɗe mahaɗar da kyau, ruwa in ya shiga kebul ya gama da shi.

Wajen yanka waya, ka bar rara kamar santimita 30 a kowane ɓangare. Ɗaga eriyar inda za ta zauna, sannan ka auna SWR, wato awon da ke nuna yadda eriya ta dace da rediyo, da ƙaramin ƙarfi, ko da na'ura irin NanoVNA. In wurin da awon ya fi sauka yana ƙasa da megahaz ɗin da kake so, wayar ta yi tsawo. Sauke ta, ka lanƙwasa santimita biyar a kowane baki ka murɗe a jikinta, ka sake ɗagawa. Lanƙwasawa ta fi yankewa, don kana iya warwarewa. Da awo ya sauka ƙasa da 2:1 ka fara aiki, 1.5:1 kuwa ya yi kyau ƙwarai. Na'urar daidaitawa da ake sayarwa tana kwantar wa rediyo hankali ne kawai, ba ta mayar da eriya mara kyau mai kyau.

Duk inda za ka kafa sanda, ka tabbata ko ta faɗi ba za ta taɓa wayar lantarki ba. Bakunan daifol suna ɗaukar wuta mai ƙona fata lokacin da kake magana, saboda haka su wuce inda hannu zai kai. In hadari ya taso, cire kebul daga jikin rediyo tun kafin a fara tsawa, ka ajiye bakinsa nesa da kayan aiki.