Bindigar iska ta farko: kar ku fara da mai gas

Jama'a, wanda zai sayi ƙaramar bindigar iska don koyon harbin takarda, ya nemi wadda ake ɗanawa da hannu sau ɗaya kafin kowane harbi. Ya bar mai ƙaramin tulun gas na CO2 tukuna.

Ƙarfin gas ɗin yana bin yanayi ne. Da sanyin hunturu ya yi rauni, da zafin Afrilu na Kano ya ƙaru. Ni da na fara da mai gas, da safe harsashi ya sauka ƙasa, da azahar ya hau sama. Na yi ta juya saiti ina zargin hannuna, ashe ba laifinsa ba ne. Ga kuɗin tulu, duk ya ƙare sai an nemo wani. Mai ɗanawa kuwa iskar Allah take zuƙa, kuma kusan adadi ɗaya kowane harbi.

Ku ɗauki mai faɗin baki 4.5mm, ita ake amfani da ita a gasar harbi daga nisan mita 10. Harsashi mai faffaɗan kai za ku saya, yana huda takarda tsaf, ku ga makinku sarai.

Inda mai ɗanawa take ba da wahala: gasa harbi 60 ce, ɗanawa sau 60 kuwa tana gajiyar da dantse, hannu ya soma rawa. Mai raunin hannu zai sha fama.

Af, kafin ku biya ko sisi, ku fara da maganar lasisi wurin 'yan sanda, don dokar Najeriya ta saka bindigar iska cikin masu buƙatarsa.