Yadda za ku gane ko maganin mantuwa zai yi wa tsohonku aiki

A aikina na jinya, tambayar da iyalai suka fi yi mini ita ce: "Wannan ƙwayar za ta dawo mana da Baba?" Nakan ce mu fara da sanin irin ciwon, domin abin da muke kira gigin tsufa ba iri ɗaya ba ne.

Magungunan mantuwa irin su donepezil da rivastigmine an fi ba da su ga masu cutar Alzheimer, daga farkon ciwo zuwa tsakiyarsa. Tsohon da ke ganin mutane ko dabbobin da babu su, jikinsa na sanƙarewa, yau garau gobe a ruɗe, mai yiwuwa nau'in Lewy gare shi, kuma irinsu sukan ji daɗin maganin sosai. Sai dai haloperidol, wani maganin taɓin hankali, na iya yi musu mummunar illa, don haka kada a saya musu don a samu su yi barci. Wanda kuwa halinsa ne ya fara sauyawa, kunya ta fita daga idonsa alhali bai manta komai ba tukuna, ciwon na iya zama a gaban ƙwaƙwalwa. Shi donepezil ba ya taimakonsa, yana ma iya ƙara birkita shi. Ku roƙi likita ya auna bitamin B12 da aikin tayroid (wata halitta a gaban wuya), domin ƙarancinsu na kawo mantuwar da ke da magani.

Abin da na fi dagewa a kai shi ne littafi. Kafin ya haɗiyi ƙwayar farko, ku rubuta abin da yake iyawa. Yana riƙe adadin raka'o'i? Yana gane jikokinsa? Yana kai kansa banɗaki? Wanda ke kwana da shi ne zai rubuta, ba ɗan da ke leƙowa ranar Juma'a ba. Bayan wata 3 ku kai wa likita. In abubuwa sun tsaya yadda suke, wannan ma amfani ne, tunda ciwon gaba yake yi.

Ku tafi da duk magungunan da yake sha. Piriton da amitriptyline (maganin ciwon damuwa) suna rage ƙarfin donepezil.

Shi donepezil ana farawa da miligiram 5, a ƙara zuwa 10 bayan mako 4 zuwa 6. Tashin zuciya da gudawa sukan lafa. Amma in ya suma, ko bugun zuciyarsa ya yi ƙasa sosai, ku koma asibiti a ranar.