Mai jego, kar ki kashe kanki saboda tumbi

Duk mai jegon da na je wa barka a Garwa ta Kamaru, tun kafin a yi suna tambayarta ɗaya ce: yaushe cikin nan zai koma? Mahaifa kanta sai ta kai kusan mako 6 kafin ta koma girmanta, amma ba mai son jin haka.

Kanwa ce ta fi ƙona mini rai. Daga yankin Tafkin Cadi ake kawo mana ita, ba ta da tsada, shi ya sa ake zuba ta a kunu ba awo, wai tana wanke ciki tana kawo nono. Kanwa gishiri ce mai ƙarfi. Tana tare ruwa a jiki, ta ɗora wa zuciya nauyi alhali ba ta gama hutawa daga wahalar ciki ba. Tun shekarun 1970 likitoci a Zariya suka lura masu jego na yawan zuwa da ciwon zuciya, suka danganta shi da kunun kanwa da kwanciya a gadon wuta. A haihuwata ta biyu safe da yamma ake dama mini. Ƙafafuna suka kumbura har silifas ya ƙi shiga, in na kwanta numfashi ya gagara sai na tashi zaune, ana ta ce mini kumburin jego ne, zai saɓe. A gadon asibiti na ƙarasa arba'in. Inna, Goggo, don girman Allah ku daina ɗura wa 'ya'yanku wannan abu! Duk mai jegon da kumburi ya haɗu mata da haki ko tarin dare, asibiti za a kai ta a ranar, ba a jira gobe. Ni yanzu kunun gyaɗa nake dama wa ƙannena, ruwan wanka kuma mai ɗumi wanda gwiwar hannu za ta jure, ba tafasasshe a zafin Afrilu da ke haura digiri 40 ba.

Sai masu zama da yunwa, da masu sayen shayin rage tumbi da ake talla a WhatsApp. Ƙanwata, kina shayarwa, jikinki na neman ƙarin kalori (ma'aunin ƙarfin abinci) kusan 500 a rana, ke kuma kin koma ruwan lemon tsami? Yawancin shayin nan gudawa da fitsari yake sawa, ruwa ne ke fita, kitsen na nan, sai jiri ya kama ki kina riƙe da jariri. Ci tuwonki da miyar kuka ko zogale, wake, kifin Binuwai. Lemon kwalba da sukarin shayi su za ki rage.

Ɗaure ciki da zani yana sa a ji daɗin tafiya, amma ba ya narkar da kitse, in ya matse kuma ki kwance shi.

Kar ki yi saurin fara motsa jikin nan na kwanciya rigingine ana tasowa zaune, naman tsakiyar ciki yakan rabu lokacin goyon ciki, sai ki ƙara buɗa shi. Ni tafiya nake farawa da ita a tsakar gida bayan la'asar, da matse ƙasa kamar mai riƙe fitsari, in saki, in sake.

Wadda aka yi wa aiki ta bar daka da ɗaukar bokitin ruwa sai likita ya ce. Ki koma awo a mako na 6 ko kina jin garau, a duba hawan jini da ɗinki, ki kuma yi maganar tazarar haihuwa a wurin.