Idan majinyaci ya ce "wannan maganin ba ya karɓa ta"

Abokan aiki na ƙananan asibitocin karkara sun yi ta tambayata yadda muke yi da majinyacin da wani magani ba ya karɓar sa, tunda ba kwamfuta. Ga shi:

1. Tambaye shi tun kafin ka ɗauki biro: "Baba, akwai maganin da ya taɓa yi maka illa?"

2. Nemi sunan maganin. In ya ce "ja da baƙin kafso ne na kemis", a kawo kwalin.

3. Tambayi abin da ya faru bayan ya sha.

Hattara: nan ake yawan kuskure. Tashin zuciya ko zawo kaɗai ba ya nuna cewa maganin ba ya karɓar sa, haka ƙaiƙayin kulorokwin. Borin jini, kumburin leɓe, shaƙewar numfashi, saɓewar fata, su ne abin tsoro.

4. Rubuta sunan maganin da jan biro a bangon katinsa. Ciki ba mai buɗewa.

5. Haɗa da dangin maganin. Mai matsalar penisilin ya guji Amoxil da Ampiclox. Mai ta Septrin ya guji Fansidar.

6. Ba shi 'yar takarda ya sa a aljihu, ya riƙa nuna wa mai kemis.

7. Faɗa wa ɗan rakiyarsa, domin ranar da ya suma shi zai yi magana.

8. Tabbatar akwai allurar adirenalin, ta ceton wanda magani ya yi wa mummunar illa nan take, kafin ka yi wa kowa allura. Ta babba 0.5 mg ce a tsokar cinya, a maimaita bayan minti 5 in bai samu sauƙi ba. Kada a tsaya neman Piriton.