Kurakuran da waya ke jawo wa 'yan uwanmu a Saudiyya

Kuskuren da ya fi yawa a zaurukan WhatsApp na Hausawan Makka da Jidda shi ne tura labari da hujjar "ni ma turo min aka yi". Wannan hujja ba ta wanke kowa. Dokar laifukan intanet ta Saudiyya, wadda aka kafa a 2007, ta tanadi ɗaurin da zai iya kai shekara 5 da tarar da za ta iya kai riyal miliyan 3 ga wanda ya ƙirƙiro abin da zai dagula zaman lafiyar jama'a, ko ya aika shi, ko ma ya adana. Kafin ka tura, nemi ranar da abin ya faru da wanda ya fara faɗa. In batun iƙama (takardar izinin zama) ne ko biza, duba kamfanin dillancin labarai na Saudiyya, SPA, ko shafin Jawazat, wato hukumar fasfo ta ƙasar. Tsofaffin bidiyoyi, irin na hatsarin Harami na 2015, sukan dawo lokacin Hajji kamar yau suka faru. Ɗauki hoton allon ka saka a Google Lens, manhajar bincike da hoto, sau da yawa asalinsa zai fito.

Sai ɗaukar mutane a kyamara ba da izininsu ba: hatsarin mota, rigima da kafili (ubangidan aiki), mata a harabar masallaci. Keta sirrin mutum da waya ko ɓata masa suna na iya jawo ɗaurin shekara 1 da tarar riyal 500,000. Ko kai aka zalunta, yaɗa bidiyon zai iya mai da kai wanda ake tuhuma. Riƙe hujjarka, ka kai wa ofishin ƙwadago ko 'yan sanda.

Wanda ya fi ciwo shi ne sanar da rasuwar alhaji, har da hoton fasfonsa, alhali iyalinsa a Katsina ko Maraɗi ba su ji ba. A fara kiran jami'in alhazan jiharsa, a bar dangi su ji daga bakin babba.

A muhawara kuwa, musamman ta addini, mutane kan bar magana su koma kan asalin mai maganar. Amsa hujja ɗaya tak, a rubuce, kada ka ɗauki saƙon murya cikin fushi. Ko ka goge, wani ya riga ya adana. Shugaban zaure ya cire saƙon zagi nan take, ya kira mai shi a keɓe.